Jidda a Ƙafar Tata

Tata ta tsufa a kan hanya ɗaya, wadda ta tashi daga ƙauyensu ta nufi Cadawa. Kowace ranar kasuwa za ta ɗauki ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a ka, ta fita da sanyin asuba, ta isa hantsi ya dubi ludayi. Da wannan hanyar take auna duniya. In aka ce gari kaza da nisa, tambayarta ɗaya ce: ya kai Cadawa?

Ɗanta na fari, Sabi'u, ya tafi Jidda neman aiki. Ranar tafiyar ta bi bayansa, ta ɗebi ƙasar sawunsa ta ƙulle a tsumma, kamar yadda mata ke yi don matafiyi ya dawo. Washegari ya bugo wa matarsa Nasira waya, ya ce daga Yamai zuwa Jidda awa biyar da 'yan kai suka yi a jirgi. Tata ta tambayi ko nawa ke nan, aka ce mata kamar daga asuba zuwa kafin azahar. Ta yi hamdala. Ashe zuwa Cadawa ne da ɗan ƙari.

Nan kuskuren ya shiga, kuma ba wanda ya gyara mata, don ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta zauna tana cigiyarsa a gaban mutane. Kowace salla sai ta ware masa ƙuli-ƙuli mai yaji, ya bushe a kwano. Ta yi zazzaɓin da ya kwantar da ita wata guda, bai zo ba. Damina ta bi damina. A ranta ta yanke cewa yaron ya yar da ita ne. Ita da gwiwa ta mutu tana taka irin wannan tafiya duk mako, shi da ƙuruciyarsa ya kasa? Abin ya ci ta ƙwarai. In ya bugo, sai ta ce wa Nasira hannunta da mai.

Wata ranar kasuwa gajiya ta zaunar da ita a rumfar Alhaji Haruna, wanda take sayen gyaɗa wurinsa. Ya tambayi labarin na Jidda.

Ta ce, "Yana can, Alhaji. Tahiyar da ba ta kai wuni ba ta gagare shi."

Alhaji ya dube ta. Ya ce, "Wane wuni, Tata? Na jirgi ne wanga. Babana da ƙahwa ya tahi, ta Cadi da Sudan, kuma ga teku a gaba. Ina goye ya hita, sai da na fara kiwon awaki ya dawo."

Tata ta sa ya maimaita zancen tekun, ya maimaita.

Ran nan ba ta jira kasuwa ta watse ba. Hanyar gida ta yi mata tsawo kamar kullum, ƙafafun na zafi, amma nauyin da ke ƙirjinta ya ragu. Tana shiga ko kaya ba ta sauke ba, ta kira Nasira.

"Bugo mani yaron nan," in ji ta. "Ashe nisa gare shi."