Simintin Baba Mai Gadi

Shekara shida na yi ina riƙe wa kwamitin tantance wuraren tarihi takardu. Aikina a jere yake: in auna gini, in ɗauki hoto, sannan in rubuta abin da masana suka yanke.

Wata Talata, gida na huɗu a jerinmu yana Nassarawa GRA, ginin ƙasa tun zamanin Turawa, da rufin azara da shafen makuba, irin ta ɓawon ɗorawa. Magada sun riga sun faɗi matsayarsu: in an sa shi cikin gidajen tarihi za a bar shi, in ba a sa ba za su rushe su gina benayen haya. Mai gadin wani tsoho ne mutumin Jigawa, shekara talatin yana ɗakin baya da iyalinsa. In gidan ya tafi, shi ma ya tafi.

Da ya ji manyan baƙi na tafe, sai ya yi abin da ake yi wa baƙi. Ya kankare makubar, ya yaɓe bangon gaba da siminti, ya shafa fenti shuɗi. Mako uku yana yi da hannunsa.

Ya tare mu a ƙofa da wankakkiyar riga. "Ranka ya daɗe, na ɗan kimtsa muku shi."

Farfesa, shugaban kwamitin, ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa. "Baba, amarya za a kawo?"

Hajiya mai zanen gine-gine ta tuntsire da dariya. "Saura labule, Farfesa."

"Akwai labule, Hajiya!" in ji tsohon, ya ruga ciki zai ɗauko.

Ba wanda ya tsayar da shi. Farfesa ya ce in rubuta: an ɓata asalin gini, bai cancanta ba. Na ce saura duba azara. Ya ce rana ta yi, gida biyar na jiranmu. Na rubuta.

Muna shiga mota tsohon ya fito rungume da labulen, ya kama hannun rigata. "Malam, mun ci?"

Na ce sakamako ba a baki ake bayarwa ba, ya jira takarda. Haka ƙa'ida take. Ya bi mu da addu'a har bakin titi.

Takarda ta je wa magada, da dalilin a rubuce, suka karanta wa tsohon. Bayan wata biyu na bi ta layin, katafila na cin bangon, shi kuma yana ɗora tabarmi da tukwane a kan kura. Ya gane ni. Bai gaishe ni ba, ni ma ban tsaya ba.