Kawu Bala da Igiyar Burtali

Duk wanda ya san Kawu Bala ya san igiyar ramar nan da ba ta sauka daga kafaɗarsa. Masallaci da ita, kasuwar Ɗambatta da ita, ɗaurin aurena ma da ita ya zo, a kan babbar riga! Ba akuya yake ɗaurewa ba. Burtalin garinmu yake aunawa, hanyar nan da shanu ke bi ta tsakanin gonaki zuwa tafki. Ya ce tun zamanin kakanni faɗinsa tsawon igiyar nan ne, kuma muddin yana numfashi ba mai rage ko taku ɗaya. Ba wanda ya naɗa shi, fa. Dagaci ma ji ya yi ana kiransa Sarkin Burtali, ya ce to, Allah ya taya riƙo.

Kun dai san halinmu. Ƙasa ta yi mana kaɗan, gona ta manne da gona, in an zo huɗa sai garma ta ɗan karkace ta ci kunya ɗaya, wai kuskure. Da ruwan fari ya sauka sai ka hango Kawu tafe yana jan igiya, yana faɗin maganarsa ta kullum: "Kayan jama'a ba kayan banza ba ne."

Ni da nake ɗan ƙanwarsa ma ban tsira ba. Wata shekara na ƙara kunya biyu na shuka gero. Ya zo ya auna, ya dube ni, ya naɗe igiyarsa ya wuce abinsa. Na ce a raina, naka sai naka! Na yi noma, na yi maimai, gero ya yi kai gwanin sha'awa. Ranar girbi na tarar an yanke kunyoyin nan tas, Kawu na ɗora damin a kan jakin Jauro, makiyayin da ke bin burtalin.

"Kawu! Geron nawa?"

"Naka? Ai gonar shanu ka yi wa aikin gayya, Allah ya ba da lada. Baɗi in da ƙarfi ka sa musu wake."

Na yi fushi na kwana uku. Har yau in na gamu da Jauro sai ya tambaye ni yaushe za a yi shuka.

Matarsa, Inna Kande, ita ta fi kowa ganin ta kanta. Ga gawo da tsamiya jere a burtali, ƙofar gidanta, amma da kara take girki. Wata rana iska ta karyo reshe, ta jawo shi gida tana murna. Kawu ya ce ta mayar.

"Haba Malam, Allah ne fa ya kayar!"

"Gari ya kayar wa. Kin ji ya ce Kande?"

Sai da aka raba reshen nan gida bakwai. Ta ce rabonta ko ruwan koko ba zai tafasa ba.

Dariya muke yi masa, har ranar da masu gawayi suka zo da injin yanka, wai wani ya sayar musu da ɗorawoyin bakin tafki. Mu maza muna ta shawarar wa za a fara gaya wa. Kawu kuwa ya shimfiɗa buzunsa a gindin babbar cikinsu, ya jingina, ya aika wa matan gari, waɗanda da kalwar ɗorawar nan suke daddawa. Kafin azahar wuri ya cika, Inna Kande a gaba da muciya.

Mai injin ya ce, "Baba, matsa mana, kada ta faɗo maka."

"Ɗana, ni da ita sa'o'in juna ne. Fara da ni, na fi sauƙin yanka. Sai dai gawayina ba zai yi auki ba."

Suka kwashe kayansu suka kama hanya. Washegari dagaci ya tara gari, aka yi magana ɗaya: ba mai sake sa gatari a burtali.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka kira ni. Muryarsa ta yi ƙasa, amma halin na nan.

"Na san ku. In na tafi za ku ce ai Kawu ne, a saro masa itacen kabari mai kyau daga burtali. To, ban yarda ba. Je ka duba bayan rumbu."

Na je na tarar da fasassun tukwane da randuna jibge, ya tsinto su gida-gida, ya wanke, ya jera. Da su muka rufe shi, ko ganye ba a tsinka ba. A maƙabarta na daure. Da muka biyo burtali za mu koma gida, rana tsaka, muna tafe cikin inuwa tun daga tafki har ƙofar gari, nan hawaye suka ƙwace mini. Wallahi ina kewar tsohon nan.

Allah ya jiƙan Kawu Bala. Yadda ya hana a ƙuntata wa bayinka hanya, ya Allah ka yalwata masa makwancinsa, ka sa shi a inuwarka ranar da babu wata inuwa sai ita. Amin.