Faten Taliya a Hadayek el-Maadi

Ya'ƙub, taubashina, ya bar Zariya a 1994 ya tafi Alƙahira zai zama shehin malami. Nahawu ya kayar da shi sau uku, kayen da har a Tudun Wada an ji ƙararsa. Da karatu ya ƙi, sai ya kama aikin kuku a unguwar Dokki, gidan wata tsohuwa 'yar Italiya, Madam Marta.

A can ya fara ganin wata taliya mitsi-mitsi kamar ƙwayar gero, wadda mutanen Italiya ke zubawa a romon kaza su bai wa yara da marasa lafiya. Ranar farko ya wanke ta ruwa uku kamar shinkafa, har da rege tsakuwa, ta dame ta koma kunu. Tsohuwa ta yi faɗa, sannan ta koya masa: romo ya tafasa tukuna, a zuba, a tsaya a kanta, a sauke kafin ta saki jiki. Shekara shida yana wannan aiki.

A 2003 matarsa Amna ta kwanta ciwo a ɗakinsu na unguwar Hadayek el-Maadi. Kwana takwas ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa. Likita ya ce in ba ta ci ba, maganin zai fi ƙarfinta. Ita kuwa abu ɗaya take kira, faten tsaki irin na gida.

Ya'ƙub ya zaga ɗakunan ɗalibai da gidajen ma'aikatan ofishin jakadanci, babu mai tsakin masara ko cikin cokali. Ya dawo ƙafa a kumbure, ya tsaya gaban tukunya ya daɗe. Sai ya ɗauko taliyar nan, ya ɗan soya ta don ta riƙe jikinta, ya daka gyaɗa, ya yanka alayyafo da albasa. Babu yakuwa, sai ya jiƙa zoɓo ya tsiyaya don tsami.

Ya tallafo kanta. Ta karɓi cokali ɗaya, ta daɗe tana juya shi a baki.

"Malam, wa ya ce maka wannan tsaki ne?"

"Ma'alish, yi haƙuri, Amna. Ban samu ba."

"Ƙaryar ma ba ka iya ba." Ta rufe ido, ta haɗiye. "Gishiri ya yi kaɗan. Ƙaro min."

Ya juya mata baya wai yana neman gishiri, ya goge fuska da hannun riga. Ta ci cokali goma sha ɗaya, sannan ta ce a miƙo maganin.