Hafsa 'yar huɗu ce a gida, 'yar uku a makaranta

Iyaye mata, ku kiyaye. Kada ku kai yaro makaranta da lissafin da ke kanku, ku fara duba takardar haihuwarsa.

Ranar Litinin na kai 'yata Hafsa wata makaranta a nan unguwar Obiagu, ina neman ajin 'yan huɗu. A watan Maulidi na haife ta, Maulidin bana kuma ya wuce, to ai ta cika huɗu.

Shugabar makarantar ta duba takardar, ta girgiza kai. Wai sai Oktoba za ta cika huɗu, su kuwa a Satumba suke rufe lissafi. Ta ce, "Madam, na paper we dey follow, no be moon." Wato takarda suke bi, ba lissafin wata ba.

Yanzu ko ta zauna ajin 'yan uku tana maimaita baƙaƙen da ta riga ta iya, ko in kai ta wata makaranta can unguwar Abakpa da za su karɓe ta ajin 'yan huɗu, kullum tana cikin keke da sassafe.

Maƙwabciyata Maman Sadik ta ce in je kotu a gyara shekarun. Na ce in fara wa 'yata karatu da rantsuwar ƙarya? Allah ya kiyaye.

A hanyar gida Hafsa ta ce, "Umma, shekarata nawa?"

Na ce, "Huɗu. A'a, uku."

Ta ce, "To wa ya ɗauke ɗayar?"

Wallahi har yau ban zaɓi aji ba. Ku da kuka taɓa shiga wannan, ya kuka yi?

Amma na kafa doka a gidana: duk ɗan da aka haifa, a rubuta ranarsa da watan Musulunci da na Turawa, kuma babu mai taɓa ko ɗaya.