Yadda Na Kai Ƙarar Gadarmu da Kwandon Daddawa

Talata: daga Kwarin Ɗorawa zuwa Birnin Gwari

Liman bai sallame sallar asuba ba na riga na ɗaura ɗankwali. Sale mai acaɓa ya duba wayarsa ya ce biyar da rabi ta gota da minti bakwai. Na ce shi ya sani, ni dai zakaran maƙwabta ya yi cara ta biyu.

Ni ce Hajara, wadda kuke kira Inna Mai Daddawa. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba a taɓa rufe mini baki a taro ba. Na sa a rubuta muku tafiyar nan yadda ta fito daga bakina, don na gaji da maimaitawa a bakin rijiya, kuma na ji wasu sun fara ƙara mata gishiri.

Ga wanda bai san garinmu ba: rafi ne ya raba mu da tsallake, kuma rafin shi ne iyaka. Wannan gaɓa ta wata hukuma ce, waccan ta wata. Kasuwa tana tsallake, asibiti yana tsallake. Mu mata muka yi adashi muka sayi katako da ƙusa, maza suka kafa mana gada. Ko sati ba a yi ba masu haraji suka ɗaura igiya a bakinta, ɗaya nan, ɗaya can. Ka hau a yanka maka rasit, ka sauka a yanka maka wani. Amma ka ce katako ya ruɓe a canja, sai kowanne ya nuna ɗaya gefen da baki, wai iyaka ce, ba tasu ba ce.

Gadar siminti kuwa, allonta kawai muka sani. Sau biyu ana aza harsashinta, duk dab da zaɓe. To sai ga Kansila Ɗanjuma, yaron da na goya da zanena, ya ce ranar Asabar babban baƙo zai zo aza na uku, don haka ranar Juma'a bayan masallaci za a ɓalle katakonmu, wai zai ɓata hoto. Ga hadari yana ta haɗuwa a gabas.

Na ce, “Ɗanjuma, in ka ɓalle ta, mai naƙuda ta bi ta ina?”

Ya ce, “Inna, Honarabul ake cewa yanzu. Kuma maganar ta fi ƙarfinki, daga sama take.”

Na ce, “To saman zan je.”

Abu ɗaya ya so ya hana ni. Ranar Litinin da la'asar na riga na dafa kalwa, na surfa, na wanke, na sake dafawa, na zuba a kwando na rufe da ganye da buhu. Duk mai sana'ar nan ta san in an rufe kalwa sai ta kwana uku, ranar na ukun a buɗe, kuma ba a barin wa wani. Sai na ɗauko ta.

Sale ya ce, “Inna, kwandon nan kuɗin mutum guda ne. Dubu shida.”

“Mutum guda? Ya yi maka magana?”

Muka tsaya a dubu huɗu da rabi, kwando a kan cinyata.

Hanyar Randagi kun san ta: yashi, kwazazzabo, sai daji. 'Yan sa-kai sun tsayar da mu sau biyu, suka leƙa fuskata suka ce, “Inna ce, ku wuce.” Da muka zo gindin maɗacin nan da aka tare ƙanen mijina shekarun baya, Sale ya ƙara wuta kawai. Takwas da kwata muka shiga Randagi. Na sha koko da ƙosai na ɗari biyar, kokon ya sha ruwa har ina ganin gindin kofi.

Mota ba ta tashi ba sai goma da rabi, don direba ya ce ba ya shiga dajin shi kaɗai, sai an yi jerin motoci uku. Dubu biyar ya karɓa, ya cusa mu huɗu a baya. A shingen sojoji wani dogo ya nuna kwandon da baki.

“Mama, menene ciki?”

“Kalwa ce, ɗana. Barci take yi, kada ka tashe ta.”

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Biyu saura minti ashirin muka sauka a tashar Birnin Gwari.

Gidan Saratu na sauka. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, ta koyar a firamare har ta yi ritaya, kuma tun tana amarya ba ta cin daddawar kowa sai tawa. Ta yi mini tuwon dawa da miyar kuka. Loma ɗaya na ajiye hannu.

“Saratu, dunƙulen kanti kika sa.”

“Kai, Yaya Hajara! Rabi ne kawai fa.”

“Ko ƙwaya ce harshena ya sani.”

Muka ajiye kwandon a bayan madafa.

Laraba: ofis

Ba zan kama sunan ofishin ba, sun san kansu. Ƙarfe tara muna bakin ƙofa ni da Saratu. Na fara da ɗakin haraji, tunda su suka fi sanin gadar. Suka ce su karɓa ne aikinsu, in je ɗakin ayyuka. A ɗakin ayyuka masinja ya ce Oga yana mitin.

Aka zaunar da mu a wani falo mai sanyi kamar cikin randa, tagogi a rufe ruf, na'ura tana hura iska. Kujerar kuwa in ka zauna sai ta haɗiye ka. Na shafa ta na ce wa Saratu, “Ashe nan rasit ɗina suke zuwa su kwanta.” Ta tsungule ni.

Azahar ta yi, na fita na yi salla na dawo. Mitin. Masu manyan riguna suna shiga suna fita, mitin ɗin bai hana su ba. Uku da minti goma masinja ya ce, “Mama, ki dawo gobe.”

“Gobe ba mitin?”

“Sai yadda Allah ya yi.”

Na ƙirga da yatsu a hanya. Gobe Alhamis. Jibi guduma za ta hau katakonmu.

Alhamis: kalwa ta farka

Da sassafe na ji maƙwabciyar Saratu tana tambaya ta kan katanga ko wani abu ya mutu a kwata. Na ɗaga gefen buhu, na ga kalwa ta yi yauƙi, ta yi duhu, ta nuna yadda ake so. Ni a hancina wannan ƙanshi ne. Amma na san duniya ba ta yarda da ni ba.

Na ce, “Saratu, ba zan bar miki ita ta haɗa ki faɗa da maƙwabta ba. Ɗora mini.”

Ta kalle ni ta kalli kwandon. “Yaya Hajara, ki ji tsoron Allah.”

“Ina ji. Ɗora mini.”

Tara daidai muna cikin falon nan. Masinja ya ce mitin. Na ce ba komai, ni ma da aikina na zo. Na sauke kwando a ƙarƙashin na'urar sanyi, na yi bisimilla, na yaye buhun gaba ɗaya.

Wata mai buga takarda ce ta fara tashi, ta ja mayafi ta toshe hanci. Wani mai jiran sa hannu ya ce yana zuwa, har yau bai dawo ba. Masinja ya rugo idonsa na hawaye.

“Mama, don girman Allah ki rufe!”

“Ɗana, daddawa ba ta san mitin ba. Yau kwananta uku. In ban buɗe ta sha iska ba ta lalace, kai za ka biya ni?”

“To ki fita da ita waje!”

“In fita a kira ni ba na nan?”

Ashe iskar falon da ta ɗakin Oga hanyarsu ɗaya. Ba a yi minti goma ba ƙofa ta buɗe, mitin ya fito da ƙafarsa, mutum biyu da kofin shayi. Bayansu Oga, wani mai furfura a gemu, da hankici a fuska.

“Hajiya, lafiya?”

“Ban je ba tukuna, ranka ya daɗe. Hajara dai.”

Na faɗa masa komai a tsaye. Ya ce maganar iyaka ce, sai an kafa kwamiti da mutanen tsallake, sai an zauna.

Na ce, “Madalla, ku zauna, ni ma ina zaune. Saratu, je ki ɗauko mini turmi. Bayan buɗewa sai kirɓi, bayan kirɓi sai shanya, kwana biyu ko uku. Na ga barandarku tana samun rana.”

Sai ya sauke hankicin ya fashe da dariya, har ya dafa bango. Ya ce kakarsa ma sana'arta ke nan, rabonsa da jin wannan tun yana ɗan makaranta, kuma ko a lokacin gudu yake yi. Ya ja kujera ya zauna a gabana, ya ce in gaya masa gaskiya, katakon nan har ya kai a yi wannan tafiya dominsa?

Na ce, “Kafin mu kafa shi, a gaɓar rafin surukata ta durƙusa, ruwa ya kawo, muna hango rufin asibiti. Uwar ta tashi. Ɗan bai zo da rai ba.”

Bai sake dariya ba. Ya kira wayar Ɗanjuma sau uku, ba ta shiga, kun san garinmu sai an hau tsauni. Ya ce a kira mai buga takarda. Aka same ta a gindin mangwaro. Sha biyu da minti ashirin takarda ta fito. Na ce ban ga shuɗin tambarin nan ba, ya buga. Sannan na rufe kwandona.

Ni ba na karatu, amma ba a ba ni takarda in rungume. Dabarata mutum uku su karanta mini, waɗanda ba su san juna ba. Saratu ta karanta mini a bakin ƙofa. Wani mai kemis kusa da tasha ya karanta, na yi masa alkawarin curin daddawa ɗaya. Na uku na bar wa hanya. Da yamma muka kirɓa daddawar a turmin Saratu, maƙwabciyar da ta yi ƙorafi ita ta fara sayen ta ɗari biyar.

Juma'a: komawa

Bakwai saura kwata mota ta tashi. A shinge na sami dogon sojan nan, na miƙa masa takardar.

“Mama, kalwa ta tashi?”

“Ta tashi har ta yi aiki. Karanta mini wannan.”

Bakinsu ya zo ɗaya su ukun: kada wanda ya taɓa gadar katako sai ta siminti ta tsaya an taka ta. Na naɗe ta a leda na soke a lalita.

Sha ɗaya muna Randagi, Sale yana jira. Mun yi rabin hanya sama ta ɓalle. Muka faɗi sau ɗaya a taɓo, kwando ya yi gefe, ni na yi gefe, hannuna a kan lalita. Sale ya ce mu fake. Na ce in ya tsaya zan gaya wa matarsa nawa ya karɓa a hannuna. Bai tsaya ba.

Uku da rabi muka iso bakin rafi. Sun riga sun cire katako biyu, Ɗanjuma yana tsaye ƙarƙashin lema yana ba da umarni. Na sauka jiƙe sharkaf, na miƙa masa.

“Honarabul, ga saƙo daga sama.”

Ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa. “Inna, me kika ba su?”

“Ban ba su komai ba. Shaƙa kawai suka yi.”

Da hannunsa ya riƙe ƙusa aka mayar da katakon.

Asabar

An kafa rumfar biki a tsallake, don wannan karon harsashin nasu ne. Ruwan jiya ya cika rafi har wuya. Motar babban baƙo ta zo ta gefenmu ta tsaya, direba ya leƙa ya girgiza kai. Sai ga baƙo ya tattare babbar riga, ya hau katakonmu yana taka shi a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, Ɗanjuma na riƙe da gwiwar hannunsa, masu hoto suna ta ɗauka. Isiya mai haraji ya yi maza ya sauke igiya.

Na ɗaga murya na ce, “Isiya, ba ka yanka masa rasit ba!”

Matan garinmu suka yi guɗa. Baƙon ya ɗauka tasa ce, ya ɗaga mana hannu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni ta cikin dajin nan lafiya. Na gode wa Sale, da Saratu duk da dunƙulenta, da mai kemis, da dogon soja. Allon gadar siminti yana nan an sake masa fenti, mu kuma muna bin katakonmu. Oga mai furfura na aika masa curi goma ta hannun direba, na ce a gaya masa ya kwantar da hankalinsa, wannan busasshiya ce.