Tambaya Ba Gaisuwa

Wata Laraba da hantsi, a daminar shekarar da na gama ƙaramar sakandare, na sami kaina ni kaɗai a shagon Malam Lawal mai buga takardu da ke bakin titin Kankia, kwamfuta a kunne a gabana, janareta na ruri a bayan shago. Malam ya tafi gaisuwar mutuwa Dudunni, mahaifina kuma yana hanya daga Kusada don ya ga abin da na koya.

Baba ne ya kawo ni shagon a farkon hutu, daidai lokacin da ƙannena ke duƙe a gonar gero suna maimai. Bai yi haka don gonar ta ƙoshi da hannuwa ba. Ya dai ji ana cewa nan gaba ko dako mutum zai yi sai ya iya kwamfuta. Sharaɗinsa ɗaya ne. Ya bar ƙaramin hotonsa, ya ce, "Ranar da na dawo ka buga mani wannan da sunana a takarda guda. In ba ka iya ba, fartanyarka na nan inda ka aje ta." Ni kuwa na san fartanyar nan, ita ma ta san tafin hannuna.

Malam Lawal yana koyar da kwamfuta ne yadda aka koya masa ɗinki yana yaro. Ɗan koyo ya share shago, ya sayo fetur, ya ja igiyar janareta, ya kore awaki daga bakin ƙofa, sannan ya tsaya a bayan maigida ya zuba ido. "Ɗan koyo kallo yake, ba tambaya ba," in ji shi. Na kalli ƙeyar Malam har na haddace ta, amma yatsunsa sun fi idona sauri. Hoton Baba kuwa Malam ya riga ya shigar da shi cikin na'urar, ya ce sauran aikin nawa ne, tunda ai ina kallo.

Sunan na buga shi ba wahala, da manyan baƙaƙe. Hoton ne ya ƙi zuwa. Ina cikin lalube yatsana ya faɗa kan wani maɓalli a layin sama, mai F1 a jiki, sai ga wata taga ta buɗe a gefen allo, da ɗan akwatin rubutu da bayani cikin Turanci cewa in rubuta tambayata. Ashe manhajar tana ɗauke da malaminta a ciki, wanda ba ya zuwa Dudunni kuma bai hana tambaya ba.

To, a gidanmu ba a tunkarar babba da buƙata kai tsaye. Ko gishiri aka aike ka karɓowa wurin Gwaggo Indo, ƙanwar Baba, sai ka durƙusa ka tambayi kwana da gajiya da ruwa, sannan ka kawo zancen gishiri kamar yanzu ya faɗo maka. Saboda haka na tattaro Turancin da na ci jarrabawa da shi, na yi wa akwatin barka da hantsi, na yi fatan yana lafiya, na gabatar da kaina da sunan garinmu, na nemi afuwar damunsa, a ƙarshe na roƙi alfarmar hoto. Ya amsa cewa bai sami komai ba. Na ɗauka ladabin ne bai isa ba, na ƙara masa ranka ya daɗe irin ta Turawa. Ya sake cewa bai sami komai ba. Gwaggo Indo ma in ta ƙi ka takan faɗi dalili.

Sai janareta ya fara tari, alamar fetur ya kusa ƙarewa, kuma kowane ɗan acaɓa da ya rage gudu a bakin titi sai in ga kamar hular Baba ce a bayansa. Tsoro ya kori tarbiyya. Na goge gaisuwar duka, na rubuta kalmomi biyu kacal da Turanci, wato saka hoto, kamar mai aiken baransa. Nan take bayani ya zubo daki-daki: danna nan, zaɓi wancan, nemo hoton, amince. Na bi shi sannu a hankali ina karantawa a fili, sai ga fuskar Baba a saman sunansa, ta ɗan karkace gefe amma tasa ce. Firinta ta turo takardar, janareta ya mutu ba da jimawa ba.

Baba ya iso bayan azahar da laka a gefen wandonsa. Ya riƙe takardar nesa da ido, ya daɗe yana kallon kansa, sannan ya tambayi wanda ya nuna mani. Na ce na'urar na tambaya ta gaya mani. Ya dubi kwamfutar da ke lulluɓe da tsohon zane, ya ce, "To, ka dai yi mata godiya ko?" Na ce na yi, ko da yake ban tabbata ta ji ba. Ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaba, ya hau acaɓa ya koma Kusada shi kaɗai. Gero ya nuna a shekarar ba da hannuna ba.

Yau da kwamfuta nake cin abinci, kuma ba na ƙirga tambayoyin da nake jefa mata a wuni. 'Ya'yana ma magana suke yi wa waya da baki, a tsaye, ta amsa musu kafin su rufe baki. Ba na ganin laifinsu, hakan ya fi sauri. Sai dai in na je Kusada na durƙusa gaban Gwaggo Indo, wadda yanzu sai an ɗaga murya take ji, nakan lura har mu gama gaisawa ban tuna abin da ya kawo ni ba. Kuma ban taɓa tashi daga gabanta da jin cewa ban sami komai ba.