Yaya Habu da Kalmar da Bai Yarda da Ita Ba

Yau shekara biyar ke nan da rasuwar wana Habu. Duk wanda ya taɓa zaman jiran fasinja a filin motocin haya na tashar jirgin sama ta JFK zai tuna shi: dogo, mai furfura a gemu, wanda ba ya sa hannu a takarda sai ya juya bayanta ya ga ko an ɓoye wani rubutu. Ni ce ƙanwarsa Jummai. Shi ya kawo ni New York, kuma a gidansa na Flatbush na zauna tare da matarsa Saratu har na yi aure na koma Tompkinsville. A bana ba yabo na zo yi ba, an yi masa shi a baya. Ina so in yi magana a kan wata kalmar Turanci da bai taɓa yarda da ita ba, da yadda na yi shekaru ina masa dariya a kanta.

Kalmar ita ce "access". Mutanen garin nan ba sa rabuwa da ita. A asibiti za a ce kana da access ga likita, a makarantar yara kana da access ga malamai, a ofishin gidaje kana da access ga bayanai. Ni aikina fassara ne, ina juya wa wata ƙungiyar agaji takardunta zuwa Hausa, kuma duk inda na ci karo da ita sai in rubuta "samun dama" in wuce. Wata Lahadi Yaya ya ɗauki ɗaya daga cikin takardun a kan teburin cin abinci, ya karanta a hankali, ya ɗago.

"Jummai, wannan damar, an ba ni abin ne, ko an nuna mini inda yake?"

"Ai duk ɗaya ne, Yaya."

"Ba ɗaya ba ne. In na ɗauki fasinja na tsaya a kan gada na nuna masa Manhattan da yatsa, kina ganin zai ce na kai shi?"

Yaya bai yi karatun boko mai zurfi ba, amma ya yi shekara ashirin yana sauraren Turanci daga kujerar baya, ya san inda yake lanƙwasa. Abin da ya dame shi da kalmar shi ne ba a jin wanda ya ɗauki nauyi a cikinta. In Bahaushe ya ce "na ba shi", to gobe akwai wanda za a tambaya. Amma "kana da access", wa ya ba ka? Wa zai kira ka? In abin bai iso hannunka ba, laifin ya riga ya zama naka tun kafin a fara. Ya kuma lura cewa duk lokacin da aka ce an ba shi ita, sai an fara karɓar lambar wayarsa, da ranar haihuwarsa, da adireshinsa. Yakan ce su dai sun sami hanyar zuwa wurinsa, saura shi. Ni kuwa in ce zargi ya yi masa yawa.

Sai tari ya kama shi, ya ƙi tafiya, ya soma ramewa. Saratu ta matsa har ya yarda ya je wani ƙaramin asibiti a Brooklyn, ni na raka shi. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ɗebi jini. Da za mu fita, matar da ke kan tebur ta miƙa masa takarda cikin fara'a, ta ce sakamakon zai fito a shafinsa na intanet, ga yadda zai buɗe. Yaya ya tambaye ta ko za a kira shi in an ga matsala. Ta ce yana da access a kowane lokaci, duk ranar da ya so.

Ya juyo gare ni ya ce da Hausa, "Kin ji? Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba."

Kunya ta kama ni, don akwai layi a bayanmu. Na ja hannun rigarsa muka fita. A cikin bas na buɗe masa shafin a wayata, na zaɓi lambar sirri, na sa wani tsohon imel nawa da ba na cika dubawa. Na ce, "Yaya, in da wani abu za su kira. Haka ake yi a nan." Ya kalle ni ya ce to. Bai yarda da matar ba. Da ni ya yarda.

Ba wanda ya kira. Tarin ya lafa da maganin da ya saya a kanti, ya koma aiki, ni ma na shiga sabgogina. Sau biyu na tuna da shafin, sau biyu na manta lambar sirrin na ce sai anjima. Bayan wata biyar, a filin JFK, ya idar da sallar azahar a gefen motarsa ya yi tari, jini ya biyo. Abokan aikinsa suka kai shi babban asibiti. Washegari wani matashin likita ya juyo mana da kwamfutarsa, ya nuna wani rubutu da aka ajiye tun wancan lokacin: an ga tabo a huhu, a dawo cikin gaggawa a sake bincike. Ya ce an sa shi a shafin tuntuni, ai yana da access. Ba da mugunta ya faɗa ba. Mamaki ne a fuskarsa, da gaske bai gane yadda mutum zai kasa gani ba. Daga baya aka ce an kuma aiko da wasiƙa. Mu dai ba mu gan ta ba, kuma ban sami wanda zai ce shi ya aika ba.

Na fashe da kuka a gaban kowa. Yaya ya ɗaga hannun da aka sa wa ƙarin ruwa ya ce, "Jummai, bari. Kwanana ba a cikin wayarki suke ba." Daga ranar bai sake ɗaga zancen ba, bai kuma bar Saratu ta ɗaga ba. Ya yi wata bakwai yana jinya, Allah ya karɓi abinsa. Na tambayi likitoci biyu ko watanni biyar ɗin nan da sun canza wani abu. Ɗaya ya ce mai yiwuwa, ɗaya ya ce ba za a iya sani ba. Ni Musulma ce, na san ajali ba ya jinkiri. Amma na kuma san a wayar wa takardar ta kwana.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Komai ya koma cikin waya: sakamakon jarrabawar yara, neman gida, ganin likita, har fasinjan da shi da abokansa suke jira a layi. Kalmar kuwa sai ƙaruwa take. Ina zuwa taruka inda mutane masu kyakkyawar niyya suke ta maganar faɗaɗa ta ga baƙi irinmu, kuma ba zan yi musu ƙarya ba, wasu abubuwan suna isowa; 'yar Yaya ta shiga kwaleji ta irin wannan hanyar. Amma a wani taro na ɗaga hannu na ce, cikin waɗanda aka buɗe wa shafi, an san waɗanda suka taɓa shiga? Mai jawabin ta ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, ta gode mini, ta kira na gaba. Tun daga nan, in na ji an yaba tambayata, na san ba za a amsa ta ba.

Yaya bai bar gida ba, motar ma ta mai ita ce, ta koma. Abin da ya bari shi ne mata biyu masu naci, matarsa da ni. Saratu, da take aikin kula da tsofaffi, tana raka maƙwabta asibiti a ranar hutunta, ba ta barin gaban tebur sai an rubuta mata sunan wanda zai kira da ranar da zai kira. Ma'aikatan sun san ta, suna ganinta suke ɗaukar biro.

Ni kuma, watan jiya na shiga wani kanti a Tompkinsville sayen shinkafa, mai kantin, wata Hajiya 'yar Kumasi, ta zaro takarda daga ƙarƙashin ma'auni ta ce da Hausarsu, "Anti, ka duba mini wannan." An yi mata gwajin mama mako uku da suka wuce, ba ta ji komai ba, ta ɗauka shi ke nan. Na ajiye jakata na zauna a kan buhu. Shafin ya ƙi buɗuwa, na kira lambar da ke ƙasa, aka bar ni da kiɗa a kunne kusan minti arba'in, masu saye suna shiga suna fita. Da mutum ya ɗauka, na ba Hajiya ta faɗi sunanta, na ce a karanta mana da baki. Aka karanta. Lafiya lau, babu komai.

Hajiya ta yi dariya ta ce ai dama ta sani, ta tura mini dokunu biyu, tuwon masararsu na Gana, a leda. Sai ta kalle ni ta ce me ya same ni. Na ce mata ban karya ba ne.

Allah ya jiƙan Habu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana abin da muka yi sakaci da shi.